Igwar jirgin ruwan yaƙi: abin da ake dubawa kafin a zaɓa

Igwa ita ce babbar bindigar da ake kafawa a goshin jirgin ruwan yaƙi. Ana auna girmanta da faɗin bakinta, kuma waɗanda aka fi amfani da su yau su ne masu milimita 57, 76 da 127.

Mai milimita 127 ta fi nisan zango da ƙarfin duka. Harsashinta ya kai kilo 30, yana wuce kilomita 20, shi ya sa ake luguden wuta da ita kan gaɓar teku. Sai dai nauyinta ya haura tan 20, ga cin wuri, don haka sai babban jirgi ke iya ɗaukarta. Irinta ce ke kan NNS Aradu, jirgin da aka ƙera wa Najeriya a Jamus, wanda ya fara aiki a 1982.

Mai milimita 76 ta tsaya a tsakiya. Samfurin Super Rapid na kamfanin OTO Melara na Italiya yana harba harsashi 120 a minti ɗaya, zuwa kusan kilomita 16, nauyinsa kuma bai kai tan 10 ba. Igwa mai wannan faɗin baki ce ke kan NNS Centenary da NNS Unity, jiragen sintirin da Najeriya ta saya daga Sin.

Mai milimita 57 ta kamfanin Bofors ta fi su sauri, tana harba 220 a minti, amma harsashinta ƙarami ne. Ta dace da kakkaɓo jirage marasa matuƙa da tare ƙananan jiragen ruwa masu gudu. Birtaniya ta zaɓe ta don sababbin jiragenta na Type 31, ta sa mai milimita 127 kan Type 26.

Akwai kuma batun kuɗi. Harsashin igwa ya fi makami mai linzami araha nesa ba kusa ba, kuma ƙasar da ta tara igwa iri-iri dole ta tanadi harsashi, kayan gyara da masu gyara na kowace.

Nijar ba ta da teku, amma yawancin shinkafa, mai da kayan masarufi da ake shigowa da su daga ƙetare zuwa kasuwannin Tasawa da Mayahi ta tashoshin Mashigin Tekun Gini suke biyowa. A can ƴan fashin teku da ƙananan jirage masu gudu suke kai hari, kuma idan fashi ya yawaita kuɗin inshora da na dakon kaya kan tashi. A irin wannan teku, igwa mai saurin harbi da sauƙin gyara ta fi babba amfani.