Daga BDRN zuwa kasuwar Abidjan: ina manomin tattasai a lissafin banki?

Yau tarihin banki za mu taɓa, domin ya shafi aljihunmu.

Dattawanmu ba su manta da BDRN ba, bankin raya ƙasa da aka kafa a 1961. Lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa, ya yi ta rabon bashi. Da farashin ya faɗi, manyan da suka ci bashin suka kasa biya, wasu ma suka ƙi. A 1990 aka rufe shi, SONIBANK ya maye gurbinsa. Masu ajiya sun ji a jikinsu.

Shi banki sana'arsa a fili take: ya karɓi ajiyarmu, ya ba wani bashi da ruwa, ya ci bambancin, ya haɗa da ladan aika kuɗi da na riƙe asusu. Ke nan ƙarfinsa yana ga masu biyan bashi.

A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa da rabi, aka buɗe BOA Nijar. A 2003 ya shiga kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abidjan, inda kowa zai iya sayen wani yanki na bankin. Masu saye abu uku suke dubawa: ribar shekara, kason da za a raba musu, da yawan bashin da ya maƙale. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumi ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya a bankuna har zuwa Fabrairun 2024, biyan bashi ya yi nauyi, ribar bankin kuma ta ragu. Abin da ya faru a Yamai, a Abidjan aka karanta shi.

To mu fa? Arzikin kwarin Komadugu tattasai ne da kifin tafkin Chadi, cinikinmu kuwa galibi da naira ne. Banki ya fi sakin jiki da ma'aikacin da albashinsa ke bi ta asusu, da babban ɗan kasuwa, da gwamnati. Manomi a wajen dillali yake karɓar taki da man injin ban ruwa, ya biya da buhuna a farashin da dillalin ya yanke. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a 2015 aka hana cinikin tattasai da kamun kifi, asarar ba ta hau littafin banki sosai ba, a gidajenmu ta kwana.

Muddin cinikinmu ba a rubuce yake ba, banki ba zai gan mu ba. Mu haɗu a ƙungiyoyi, mu riƙa rubuta abin da muka noma da abin da muka sayar, wanda ya ci bashi kuma ya biya, kar a maimaita na BDRN. Su ma bankunan mu tambaye su: cikin ajiyar da suke tarawa a Diffa, nawa ke komawa gonakin bakin Komadugu?

Allah ya ba mu zaman lafiya da albarkar noma.