Darasin Motsa Jiki a Makarantunmu: Waiwaye Daga Sunkani

Tun kafin zuwan boko, yaran ƙasar Muri, wadda garin Sunkani yake cikinta, ba su rasa hanyoyin motsa jiki ba. Noma da kiwo da ɗiban ruwa suna cin yini, da dare kuma a fita dandali: maza su yi langa da kokawa, mata su yi gaɗa. Langa ita kaɗai, inda yaro yake riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, ta ƙunshi juriya da daidaita jiki da aiki tare, waɗanda su ne manufofin da manhajar zamani take lissafawa.

Makarantar boko ta zo da nata tsarin. Turawa sun shigo da fareti da atisaye irin na soja, malami yana ba da umarni, yara suna bi a layi, kuma littafin da aka daɗe ana dogara da shi shi ne manhajar motsa jiki ta Ingila ta 1933. A Kwalejin Katsina, inda aka horar da malaman farko na Arewa, an koyar da kurket da fayif, wato wasan buga ƙwallo a bango da tafin hannu. Ba laifin waɗannan wasanni muke gani ba. Illar ita ce an raba wasa gida biyu: na makaranta mai daraja, da na dandali wanda aka ɗauka shiririta ce.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda malamai da kayan aiki za su iya ɗauka. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare, shekara guda kafin UNESCO ta ayyana shi a matsayin haƙƙin kowane ɗan'adam. Daga nan aka yi ta juya darasin. Ya tsaya da ƙafarsa a manhajar shekara tara da hukumar NERDC ta fitar bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, sannan a bitar da ta fara aiki a 2014 aka cusa shi cikin darasin kimiyya da fasaha, tare da ilimin kwamfuta. A ra'ayinmu wannan haɗi bai amfane shi ba, domin darasin da asalinsa na fili ne ya koma abin kwafa daga allo. Bitar 2025 ta mayar masa da matsayinsa na darasi mai zaman kansa.

To, ina rabon yaron Sunkani a cikin wannan? Sunkani ce hedikwatar ƙaramar hukumar Arɗo Kola a Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga Gongola a 1991. Jalingo tana kusa, da babban filin wasa na Jolly Nyame, amma irin wannan fili na gasar manya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa minti 60 na motsa jiki a kullum take nema wa yaro mai shekara 5 zuwa 17, abin da ba ya samuwa sai a harabar makaranta da unguwa.

A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe. Yankin ya haɗa Jukunawan Kona da Mumuye da Fulani da Hausawa, kowace al'umma da wasanninta, Hausa kuma ita ce harshen da ya fi haɗa yaransu. Langa da kokawa da dambe sun riga sun shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Aikin da ke gabanmu shi ne tattara wasannin yankin daga bakin dattawa, da ƙa'idojinsu da kalmominsu, a rubuta su yadda malamin aji uku wanda ba shi da ko ƙwallo ɗaya zai iya fita da yaransa fili ya koyar.