Manomin Gyada Da Ya Yaƙi Kurkunu

Karatunmu: Matiyu 25:31-40

 Yau za mu tuna da wani dattijo wanda Allah ya ba shi shekara ɗari a duniya, wato Jimmy Carter, tsohon shugaban ƙasar Amurka. An haife shi ran 1 ga Oktoba 1924 a Plains, wani ƙaramin gari a jihar Jojiya, ya kuma huta a wannan garin ran 29 ga Disamba 2024. Ba domin sarautarsa muke tunawa da shi ba, gama sarakuna da yawa sun shuɗe ba wanda ke ambatonsu. Abin da ya yi bayan sarautar ta kuɓuce masa, shi ne darasinmu.

Carter manomin gyada ne, dikin ne kuma a ikkilisiyar Baftis. A zamanin ƙuruciyarsa ana wariyar launin fata a kudancin Amurka. Sa'ad da fararen garinsu suka kafa ƙungiya domin su riƙe wannan wariya, ya ƙi shiga, har waɗansu suka daina ciniki da shi. A shekarun 1960, ikkilisiyarsu ta jefa ƙuri'a a kan hana baƙaƙe shiga sujada. Shi da iyalinsa suna cikin 'yan kaɗan da suka ce a buɗe ƙofa, aka kuwa rinjaye su. Tun daga nan ya koyi cewa bin Almasihu yakan bar mutum tsaye shi kaɗai, ko cikin gidan Allah.

Ya zama shugaban ƙasa a 1977, ya ziyarci Nijeriya a 1978. Amma a zaɓen 1980 ya sha mummunan kaye. Ya koma Plains yana da shekara 56, ya tarar bashi ya cinye kasuwancinsa na gyada. Mutane suka ce nasa ya ƙare. Ashe Ubangiji ya ajiye masa sauran shekara 44 na hidima.

A 1982 shi da matarsa Rosalynn suka kafa Cibiyar Carter. Daga 1984 suka riƙa fita kowace shekara da guduma a hannu, suna taya marasa galihu gina gidaje. A 1986 kuma suka ɗaura yaƙi da cutar da dattawanmu suka sani sarai, wato kurkunu.

Bari mu tuna wa yaranmu, gama ba su gan ta ba. Mutum yakan sha ruwan kududdufi mai ƙwayar cutar, ba ya jin kome sai bayan shekara guda. Sa'an nan tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta ɓullo, yawanci a ƙafa, da raɗaɗi kamar wuta. Mai ciwo ya tsoma ƙafar cikin ruwa domin ya sami sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, masu ɗiban ruwa su kwasa. Ba allura, ba ƙwaya. Sai a naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, har makonni. Takan kwantar da magidanci daidai lokacin aikin gona, yara su bar makaranta, rumbu ya kwana wayam.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da ita a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Da aka yi ƙidaya a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka sami fiye da mutum dubu 650. Makaman yaƙin kuwa ƙanana ne: ƙyallen tace ruwa, rijiyar burtsatse, da 'yan sa kai a kowane ƙauye masu hana mai ciwo shiga tafki. Carter da kansa ya taka ƙauyukan Gana da Nijeriya. A 1995 ya roƙi masu yaƙi a Sudan suka ajiye makamai na 'yan watanni domin ma'aikatan lafiya su shiga. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya sa hannu, yana bin ƙauyuka yana zaburar da gwamnoni da hakimai. Kirista da Musulmi suka yi aikin tare, gama tafki ɗaya suke sha. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da ita, Gana kuma a 2015. A shekarar da Carter ya huta, waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai ashirin ba.

Duk da lambar Nobel da aka ba shi a 2002, bai bar ajinsa na makarantar Lahadi a ikkilisiyar Maranatha ba. Ya ci gaba da koyarwa har ya wuce shekara 90, ko bayan da ciwon daji ya same shi a 2015. Gicciyen katako da ke cikin majami'ar, hannunsa ne ya sassaƙa.

'Yan'uwa, a karatunmu Ubangiji bai tambayi kowa kujerar da ya hau ba. Zancen mai ƙishi ya yi, da marar lafiya, da baƙo. Da yawa cikinmu mun yi ritaya, waɗansu an sauke mu daga muƙami, muka naɗe hannu muna jin haushi. Ikkilisiyoyinmu kuma sukan tara kuɗin bene alhali matan unguwa suna ɗibar ruwa inda shanu ke sha. In da sauran numfashi, da sauran kira. Wace rijiya ce ta lalace a garinku? Wane marar lafiya ne ba wanda ya leƙa?

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka koya mana mu ga Ɗanka cikin mabukata, ka ba mu ƙarfin hidima har tsufa. Cikin sunan Yesu, Amin.