Galahanga: Yadda iyaye za su tantance ƙwararren da zai koyar da ɗansu

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Tana shafar magana, da cuɗanya da mutane, da yadda yaro ke ɗaukar ƙara ko haske ko taɓi. A bakin jama'a ana jingina kalmar ga lalurori da dama da ba su da alaƙa da juna, shi ya sa gida ɗaya zai ce aljanu ne, wani ya ce taurin kai ne, wani kuma ya ce jinkirin baki ne da zai wuce. Likita Leo Kanner na Jami'ar Johns Hopkins ya bayyana ta filla-filla a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Babu maganin da ke warkar da ita. Abin da ke taimakawa shi ne koyarwa mai tsari, wadda aka fara da wuri, kuma a nan ne zaɓen mai koyarwar ke zama babban al'amari ga iyalin da zai biya daga aljihunsa.

Kafin a nemi mai koyarwa, ana bukatar likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa ya duba yaron. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, su ne wuraren da ake fara tambaya a Arewa. Gwajin ji yana cikin abin da bai kamata a tsallake ba, domin yaron da ba ya waiwayowa idan an kira sunansa yana iya kasancewa kunnensa ne ke da matsala. Farfaɗiya ma tana yawan zuwa tare da galahanga, kuma ita aikin likita ce, ba ta mai koyarwa ba.

Hanyar da ta fi shahara wajen gyaran ɗabi'a ita ce wadda ake taƙaitawa da ABA. Tushenta shi ne a rarraba abu mai wuya zuwa ƙananan matakai, a saka wa yaro da abin da yake so duk lokacin da ya yi daidai, a kuma rubuta sakamakon kowane zama. Sunanta ya yi tashe bayan binciken Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya a 1987, inda yara 19 suka riƙa samun kusan sa'o'i 40 na koyarwa a mako, 9 daga cikinsu suka iya shiga aji tare da sauran yara. Masana sun daɗe suna sukar yadda aka zaɓi yaran, kuma tsarin farko ya haɗa da tsawa da mari. Manya masu galahanga da dama da suka bi ta wannan hanya suna ƙorafin cewa an horar da su ne su ɓoye halinsu don su faranta wa wasu. Masu aikin na yau da suka san abin da suke yi sun karkata ga koyarwa ta cikin wasa da harkokin gida, kamar tsarin Denver na ƙananan yara, da amfani da katunan hoto ga yaron da bai fara magana ba.

Batun takarda shi ne ya fi ruɗa iyaye. Hukumar BACB ta Amurka, wadda aka kafa a 1998, ita ke ba da shaidar BCBA ga masu digiri na biyu, da ta RBT ga mataimaka, wadda horonta na farko sa'o'i 40 ne kacal. Wato mai RBT ba shi ke tsara shirin yaro ba, aiwatarwa yake yi ƙarƙashin kulawar wani. A ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar ta daina karɓar sababbin masu nema sai daga tsirarun ƙasashe irin su Amurka da Kanada, don haka mutane da dama a wasu ƙasashe suka koma ga hukumomin QABA da IBAO. Duk wanda ya ce yana riƙe da shaidar BACB, ana iya neman sunansa a rajistar da hukumar ta buɗe a shafinta na intanet. A Najeriya, hukumar MRTB ce ke yi wa masu gyaran magana da masu koyar da ayyukan yau da kullum da masu gashin ƙashi rajista, amma mai gyaran ɗabi'a ba ya cikin sana'o'in da dokarta ta 1988 ta lissafa. Wannan giɓi ne ya sa ɗaukar kwas na 'yan kwanaki da buga allo a ƙofar gida ke isar wasu su kira kansu ƙwararru.

Saboda haka aikin da ido ya gani ya fi takarda faɗin gaskiya. Ƙwararre na kirki ba ya fara koyarwa sai ya zauna da iyaye, ya kalli yaron yana wasa, ya tambayi abin da ke sa shi kuka da abin da ke kwantar masa da hankali. Daga nan ya rubuta burin da za a iya aunawa: ya nemi ruwa da kalma ko hoto, ya shiga bayan gida da kansa, ya daina buga kansa a bango. Burin da ya tsaya ga tilasta wa yaro kallon ido, ko hana shi kaɗa hannu alhali ba ya cutar da kowa, abin a sake tambaya ne. Ya kamata uwa ta iya zama a ɗakin ko ta leƙa duk lokacin da ta so. Cibiyar da ke rufe ƙofa ta ce ganin iyaye na ɓata aiki, ko take hana yaro abinci, ko ɗaure shi, ko dukansa da sunan horo, ba wurin barin yaro ba ce, musamman yaron da ba zai iya dawowa gida ya faɗi abin da aka yi masa ba. Samamen da 'yan sanda suka kai Rigasa a Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari, ya nuna inda gyaran hali ke kaiwa idan babu mai sa ido.

Harshe ma abin dubawa ne. Yaron da ake yi wa Hausa a gida, aka koya masa neman abinci da Turanci kawai, zai koma wurin kakarsa ba ta gane shi ba. Haka nan duk wanda ya yi alkawarin waraka cikin wata uku, ko ya haɗa koyarwa da sayar da wasu ƙwayoyi na wanke jini, kasuwanci yake yi. Magunguna irin su risperidon likita ne kaɗai ke rubuta su, kuma don rage tsananin fushi da jikkata kai ne, ba don kawar da lalurar ba.

Sa'o'i 40 a mako sun fi ƙarfin mafi yawan gidaje, kuma ba kowane yaro ne ke bukatarsu ba. Abin da ya fi dacewa da aljihun talaka shi ne mai koyarwar da zai horar da uwa da uba da yayye su ci gaba da aikin lokacin wanka da cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da irin wannan shiri na horar da masu reno, na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, kuma ta sanya shi a intanet kyauta a 2022.

Dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan yara, su tanadi ma'aikaci mai horo da zai kula da karatunsu. Hukumar Kula da Masu Bukata ta Musamman ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020, ita dokar ta ɗora wa karɓar ƙorafin iyayen da aka mayar da ɗansu daga ƙofar makaranta.