Daga wuƙar Miles zuwa hannun mutum-mutumi: tarihin tiyatar kansar dubura

Mai bin Titin Ibrahim Taiwo ta wajen Kantin Kwari ba ya rasa jin tallan maganin basir. Abin yana damuna, domin ba kowane jini a bahaya ne basir ba. Wani kansar dubura ce, kuma likitocinmu sun daɗe suna kukan sai ciwo ya ci jiki ake zuwa musu. Mai hali ya nufi Indiya ko Masar, a can a ce masa mutum-mutumi zai yi aikin. Ina wannan fasaha ta samo asali?

Dubura tana can ƙasan ƙugu, wuri matsattse, musamman a jikin namiji, ga jijiyoyin fitsari da na mazakuta kewaye da ita. A 1908 Ernest Miles na Landan ya bayyana hanyarsa: a cire ta ɗungurungum, mutum ya rayu da jakar bahaya a ciki. A 1982 Bill Heald, shi ma a Ingila, ya nuna cewa idan aka ɗauke ta tare da kitsen da ya lulluɓe ta, ba a farke shi ba, dawowar ciwon tana raguwa ƙwarai. A ganina wannan ne babban juyi. Duk na'urar da ta biyo baya aikin Heald take ƙoƙarin sauƙaƙawa.

Daga 1991 aka fara tiyatar hanji ta 'yan ƙananan huji da kyamara, sai dai kayan aikin miƙaƙƙu ne, ba sa lanƙwasa a lungu. Nan na'urar mutum-mutumi mai suna da Vinci ta shigo. Amurka ta amince da ita a 2000, kuma a 2006 Alessio Pigazzi da abokansa suka wallafa aikin kansar dubura da ita. Ba ta yanke shawara. Likita ne zaune yana juya hannayenta masu gaɓa, ita kuma tana tace rawar hannunsa.

Yanzu tana da kishiyoyi. Hannayen da Vinci a jikin keke ɗaya suke, likita yana cusa fuskarsa cikin madubi. Versius ta Ingila da Hugo ta kamfanin Medtronic kowane hannu da kekensa, allon kuma a buɗe yake, likita yana ganin ma'aikatansa. Sin ta ƙera Toumai, Indiya ta ƙera SSi Mantra, da burin sauko da farashi.

Shin tiyatar mutum-mutumi ta fi ta huji da kyamara? Binciken ROLARR na 2017, kan mutum 471, bai samu tabbataccen bambanci ba wajen yawan waɗanda dole aka koma aka tsaga musu ciki. Binciken REAL na Sin a 2022 kuwa ya ga an fi cire ciwon tsaf da ita. Don haka wanda aka yi wa tayin aikin ya tambayi likitan sau nawa ya yi irinsa da wannan na'urar, da kuma ko zai tashi da jaka.