Wasiyya Don Jama'a: Yadda Alƙalan Ingila Suka Yi Da Ita

Sau da yawa akan ji dattijo a Sabo ko Agege ya ce in ya rasu a bar gidansa kaza "don amfanin Hausawa". Niyya ce ta alheri, ba shakka. To amma kotu ba niyya kaɗai take dubawa ba, kuma tun da yake dokokin amana na kotunan nan daga Ingila aka gado su, ya kamata 'yan'uwa su ji yadda abin ya faro a can.

A 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, aka yi doka wadda gabatarwarta ta lissafa ayyukan da ake ɗauka sadaka ne, irin su taimakon tsofaffi da matalauta, da makarantu, da gyaran gadoji da hanyoyi. A 1891, a shari'ar Pemsel, Lord Macnaghten ya tattara su gida huɗu: rage talauci, ilmi, addini, sai kuma sauran ayyukan amfanin jama'a. Na huɗun nan ne ya zama abin rigima.

Me ya sa ake damuwa? Saboda in kotu ta ce kyauta sadaka ce, to ta zauna ke nan, ko da ba a ambaci sunan kowa ba. In kuwa ta ce ba sadaka ba ce, kuma babu wani takamaiman mutum da zai ci amfaninta, sai wasiyyar ta rushe, dukiya ta koma hannun magada. Wani attajiri, Caleb Diplock, ya rasu a 1936, ya bar dukiya mai yawa a kashe ta kan ayyukan "sadaka ko kyautatawa". Wannan "ko" ɗin ita ta kashe wasiyyar a 1944, alhali an riga an rarraba kuɗin ga asibitoci da sauransu. Sai aka shiga bin su ana karɓowa!

Abin mamaki, in mutum ya bar wa ƙasa ko gari ɗungurungum, alƙalan sukan yarda. Wani ya bar wa "ƙasata Ingila", aka ce sadaka ce.

Wadda ta fi shafarmu ita ce ta 1947. Mutanen Wales mazauna Landan, wato baƙi kamarmu, an tsayar musu da dukiya don wurin haɗuwa, da raya harshensu, da zumunci da nishaɗi. Maganar haraji ce ta kai su kotu, ba wasiyya ba, amma hukuncin ya shafi duka. Lord Simonds ya ce ba kowane abu mai amfani ga jama'a ne sadaka ba, sai ya yi kama da abin da dokar 1601 ta nufa. Zumunci da taron hira ba sa ciki. A ganina akwai tsauri a nan, don wanda ya taɓa zama baƙo ya san abin da wurin haɗuwa yake yi wa mutum. Majalisarsu ma ta sassauta a 1958 game da wuraren nishaɗi na jama'a.

Mu dai a shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi sai da yardar magada, kuma ga hanyar wakafi a buɗe. Amma takardar da za ta je babbar kotu a Legas ko Badun, in ta ce "makarantar Islamiyya" ko "marayun unguwa", ta fi "amfanin Hausawa" ƙarfin tsayawa gaban alƙali.