Garin Shayin da Sin Ta Bari, Japan Ta Riƙe

Ranar da muka fara haɗa matcha a gida, tafasasshen ruwa muka sheƙa wa garin, muka juya da cokali. Abin da ya fito ɗaci ne da gudaji. Mun saba da ataya, wanda ake bari a kan garwashi ya yi ta tafasa, sai muka ɗauka duk koren shayi haka yake so. Da muka bi sawun tarihin matcha, sai muka gane kowane mataki na haɗa shi yana da dalili, kuma dalilan sun girme mu da ɗaruruwan shekaru.

Asalin abin daga ƙasar Sin ne. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, ana niƙa ganyen shayi ya zama gari, a zuba masa ruwan zafi a kwano, a burga har ya yi kumfa. Sarki Huizong da kansa ya rubuta littafi kan shayi a 1107. A 1191 wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya koma gida Japan daga karatu a Sin, ɗauke da irin shayi da wannan hanyar haɗa shi. A 1211 ya rubuta littafi kan amfaninsa ga lafiya.

Sai a 1391 Sarki Hongwu na daular Ming ya hana kawo wa fada curarren shayin da ake niƙawa, ya ce a kawo ganye. Jama'a suka koma jiƙa ganye a buta, burga gari ya yi ta ja da baya har ya kusan ɓacewa a ƙasar da ta haife shi. Mu masu rubuta manhaja mun san haɗarin ajiye abu a wuri guda. Abin da ya ceci matcha shi ne akwai kwafinsa a Japan, a hannun mutanen da ba su daina amfani da shi ba.

A can aka ƙara masa inganci. A ƙarni na 16 manoman Uji, kusa da Kyoto, suka fara yi wa shukar rumfa makonni kafin tsinka. Inuwar tana ƙara wa ganyen kore da garɗi, tana rage ɗaci. Ana turara shi, a busar, a cire jijiyoyi, sannan a niƙa a dutse a hankali don kada zafi ya ɓata shi. Dutse ɗaya yana ba da kimanin giram 40 ne kawai a awa. A wannan ƙarnin ne kuma Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, ya daidaita ladubban shan shayi a kan sauƙi da natsuwa.

Daga nan ƙa'idojin kicin ɗinmu suka fito. Garin yana da laushi ƙwarai, yana dunƙulewa, don haka a tankaɗe giram 2 da ƙaramar rariya. Tafasasshen ruwa yana fito da ɗacin da manomi ya sha wahalar ragewa, don haka a bari ya huce zuwa digiri 80, a zuba kamar mililita 70. Garin ba ya narkewa kamar sukari, yawo yake yi a cikin ruwa, shi ya sa cokali ba ya iya masa. Ana buƙatar chasen, maburgin da ake fafewa daga gora guda, wanda garin Takayama na yankin Nara ya shahara da shi. A jiƙa shi da ruwan ɗumi, a kaɗa gaba da baya da sauri na daƙiƙa 20, a sha nan take kafin garin ya kwanta.

A 2024 buƙatar duniya ta fi ƙarfin abin da ake samarwa, har tsofaffin gidajen shayi irin su Ippodo suka taƙaita sayarwa. Ganyen da aka yi wa rumfa, aka niƙa a hankali haka, asara ce a ƙona shi da gaggawar minti ɗaya. Yanzu idan butarmu ta tafasa, sauke ta muke yi, mu jira.